Saƙon so daga miji zuwa mata: zubar da girma ne ko haƙƙi?

Malam Idi Mai Taki:
Assalamu alaikum jama'a. Ran Lahadi a kasuwar Gujungu ina zaune a rumfar wani yaro ina jiran mota, sai ga wani magidanci mai 'ya'ya huɗu ya miƙa wa yaron wayarsa, wai ya rubuta wa matarsa "wani abu mai daɗi". Wallahi ni na ji kunya a madadinsa. Maganata ita ce: saƙon soyayya na samari da 'yan mata ne. Namiji in ya ajiye mace a ɗaki, a rumbu ake ganin sonsa, a tukunya, a zanen salla. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mahaifina ba, shi ma ban taɓa jin ya ce yana sonta ba, kuma ko sau ɗaya ba su je gaban alƙali ba. Mai ja ya kawo hujja.

Sagir:
Wa alaikumus salam Baba Idi. A gafarce ni, amma mutanen da ma suna aika saƙo, hanyar ce ta bambanta. Kakana ya ba ni labarin yadda ake sayen katin zaɓi sonka a aika gidan rediyo, mutum ya gaishe da maiɗakinsa duk ƙasa na ji. Wasu su ba ɗan aike goro da turare, wasu su rubuta wasiƙa da ajami. Wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba sai 2001, ƙauyukanmu kuwa ta daɗe kafin ta iso. Da sun samu da sun yi amfani da ita.

Malam Idi Mai Taki:
Gaisuwa daban, "ke ce hasken idona" daban, Sagir. Kada ka haɗa.

Nura Mai Caji:
Ni dai a wannan gaɓar ina bayan Baba Idi da rabi. Wayoyin garin nan kusan duka suna kwana a teburina, kuma ba leƙe nake ba, kife su nake yi saboda amana. Amma samari da kansu suke zuwa su ce in nemo musu saƙo a Facebook. Kalma ɗaya ba tasu ba ce. Na taɓa ganin yaro ya tura saƙo ɗaya ga 'yan mata uku a zama ɗaya, sunan kawai yake canzawa, na uku ma ya manta bai canza ba. Wannan ba so ba ne, kuma in irinsa Baba yake nufi, gaskiyarsa.

Wanda yake son ya rubuta nasa, ga abin da na sani: saƙon tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka. In ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ, sai ya koma 70, a caje ka kuɗin biyu ko uku. Da naira 4 ne, tun ƙarin kuɗin 2025 ya koma 6. Ko ƙullin gishiri ya fi shi tsada, don haka ba kuɗi ne ke hana maza ba.

Maman Sadiya:
Baba Idi, ina gaisuwa, kuma kai uba ne a wurina. Amma bari in faɗi abin da mu ke gani daga cikin gida. Baban Sadiya da an gama kaka yake tafiya Ikko, kasuwar Mile 12, wurin 'yan tumatir, ba ya dawowa sai ruwa ya kusa sauka. Wata biyar, wani lokaci shida. Kuɗi yana turowa, ban taɓa rasa na cefane ba, Allah ya saka masa. In aiki yaro wurin mai POS ya karɓo, in auno masara, in sayi man ja. To amma kuɗin nan ba ya gaya mini ko ni ya tuna ko nauyin da ke kansa ya tuna. Haka yake tura wa Inna, haka yake tura wa ƙaninsa da ke makaranta a Ringim.

Shekararsa ta biyu a can muka yi wata guda da kwanaki ba abin da ke shigowa wayata sai "an tura, ki duba". Na rame har surukata ta ɗauka ciki ne. Ba yunwa ba ce, Baba. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, tana ganin fuskar mijinta kullum in ya dawo daga gona, ta ga yadda ya karɓi ƙwaryar fura daga hannunta, ta gane. Labarin zuciya a tambayi fuska, to wadda fuskar mijinta ke Ikko fa, wa za ta tambaya?

Malam Habibu na Islamiyya:
Maman Sadiya ta yi magana. Yaya Idi, kunya alheri ce, amma kada mu mayar da al'ada addini. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha. A gaban namiji ɗan'uwansa ya faɗa, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Game da Nana Khadija ya ce an azurta shi da sonta. Wa ya kai shi girma balle a ce ya zubar? Inda nake da tsoro shi ne wurin waɗanda ba a ɗaura ba. Tun zamanin kiran dare na kyauta muka ga abin da waya ta yi wa yara, zancen da ake yi a ƙofar gida da ƙanwa a gefe ya koma cikin bargo. Abin mamaki, saurayi ya yi shekara yana zuba kalamai, ranar da aka shafa fatiha bakinsa ya mutu. Inda aka halatta masa ne ya daina.

Gwaggo Tabawa:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ban yi boko ba. Duk kun yi magana kamar kowane gida mace ɗaya ce. Mu biyu ne a gidanmu. Amarya ta yi sakandare, tana karatu. Ranar girkina, maigida na ɗakina, ya ci tuwon da na tuƙa, sai in ga hasken waya a fuskarsa yana dannawa, can sai in ji tata ta yi ƙara ta bayan katanga. Ɗakunanmu bango ɗaya ne. Ban san abin da ya rubuta ba, ban kuma tambaya ba, shekarata talatin da ɗaya a gidan. Malam Habibu, wannan ba satar kwana ba ce?

Malam Habibu na Islamiyya:
Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Suratun Nisa'i aya ta 129 ta ce ba za ku iya daidaita mata ba ko kun yi kwaɗayin haka, to kada ku karkata dukkan karkata. Malamai sun ce abin da ba a iyawa shi ne na zuciya. Danna waya kuwa aikin hannu ne, mutum na iya barinsa zuwa safe. Daren ki naki ne, da jikinsa da hankalinsa. Kuma rashin karatu ba uzuri ba ne gare shi, tunda zai iya kira, ko ya naɗa murya a WhatsApp in wayar babba ce.

Malam Idi Mai Taki:
To kun gani! Abin da nake gudu ke nan. Da babu saƙon, da Tabawa ta kwana da zuciya fara. Fitina ce aka shigo mana da ita ɗaki.

Gwaggo Tabawa:
A'a Idi, ba ka fahimce ni ba. Ban ce a hana ta ba. Cewa na yi ni ma mutum ce.

Nura Mai Caji:
Gwaggo, wannan matsalar ta karatu ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa yara suke kawo wa wayar su karanta musu, shi ya sa wasu mazan ke tsoron rubuta komai, kada ɗan cikinsu ya karanta. Mai ƙaramar Itel mai tocila kira ya fi masa rufin asiri.

Malam Idi Mai Taki:
Maman Sadiya, in yanzu ya gyara, kuma in ba sirri ba ne, me yake rubuto miki da ya fi kuɗin cefane?

Maman Sadiya:
Ba irin na yaran Nura ba ne, Baba, bai iya su ba. Bayan na yi masa kuka a waya ne ya fara. Na farkon har yau yana nan ban goge ba, ko da na canza waya sai da na sa Nura ya mayar mini da shi. Cewa ya yi: "Na sayi ɗanwake a nan na kasa ci, ba irin naki ba ne. Ƙafar taki ta daina ciwo?"

Malam Idi Mai Taki:
Wannan ai tambayar gida ce, 'yata. Irin wannan ni ma ina iya yi.

Maman Sadiya:
To ka yi wa maiɗakinka Inna Hajara yau, Baba, kada ka bari sai ka yi tafiya. Baban Sadiya ƙarfe biyun dare ya turo nasa, yana kwance kan buhu a gefen kwanduna suna jiran motar Kano ta iso. Ciwon ƙafar kuma sau ɗaya na ambata masa, tun ranar da na raka shi bakin zaure zai tafi.