Murfin injin ƙaramin jirgina ya ƙi lanƙwasuwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa ƙananan samfuran jirage. Mako uku ke nan wata matsala ta tsaya mini a wuya.

Ina haɗa jirgin yaƙi P-51D Mustang a ma'aunin 1/48 (wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 48 na jirgin gaske), kuma so nake murfin injin ya fito tamkar farantin alminiyam na gaske. Da farko na gwada fallen roba mai kaurin milimita 0.5. Na tsoma shi a ruwan zafi, na naɗe a jikin sandar katako, na ɗaure har ya huce. Ya lanƙwasu kam, amma ta fuska ɗaya. Wajen hancin jirgin, inda dole ya karkata ta tsawo da ta faɗi lokaci guda, sai bakinsa ya tattare.

Sai na koma alminiyam ɗin gwangwanin lemo. Na ɗan gasa shi a wuta ya yi laushi, na yi ta murza shi da bayan cokali a kan tabarmar roba. Wallahi siffar ta fito da kyau! To amma gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe, gam mai saurin bushewa kuma ya bar farin tabo a gefe, ga fallen ya yi tudu a kan sauran jikin.

Shin in yanka shi guntu-guntu bisa layukan haɗin farantan, ko in koma siririyar takardar alminiyam mai gam a baya? Kuma yaya kuke huda alamun kusoshi ba tare da wurin ya loɓa ba?

Na gode.