Taƙaitawar shawarwari kan riƙe fitsari bayan tiyatar furostet

Mazan da aka cire wa furostet, wato wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara, sun fi kokawa da ɗigar fitsari bayan an zare robar fitsari, musamman idan mutum ya yi tari, ya yi atishawa, ko ya yunƙura zai miƙe daga sujada. Shawarar da ta fi maimaituwa a tattaunawarsu ita ce a ƙarfafa tsokokin ƙasan ƙugu da atisayen da likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948.

Wahalar farko ita ce gano tsokar. Mutum zai matse kamar mai hana iska fita ta dubura, har ya ji maraina sun ɗan ɗaga sama, ba tare da ya ɗaure ciki ko cinyoyi ko ya riƙe numfashi ba. A nan ne da yawa ke kuskure, su yi ta nishi alhali tsokar ba ta motsa ba. Ana riƙewa na daƙiƙa 5 zuwa 10, a saki, a maimaita sau 10, sau 3 a rana, a fara a kwance kafin a koma zaune da tsaye.

Ba a yin atisayen muddin robar tana jiki, kuma ba a mayar da tsayar da fitsari yana cikin fita al'ada. An kuma ja hankali a rage shayi da kofi da goro, a guji taurin bayan gida. Sauƙi yakan ɗauki watanni, wani har shekara, wanda ɗigar ta ƙi raguwa kuwa sai ya koma wa likitansa.