Mai dizal ko mai fetur? Ina neman a-kori-kurar da za ta ja mana tirelar kwana

Baban Ilham, Dalas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe mota mai dizal a nan Amurka. Bara mun yi hayar tirelar kwana, irin mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, muka je wurin shaƙatawa na Palo Duro kusa da garin Amarillo muka yi kwana uku. Tun daga nan yara suka hana ni sakat, uwargida ma ta bi bayansu, don ta huta da yawon neman abincin halal a hanya. To mun sayi tamu ta hannu. In an cika mata ruwa aka loda kaya tana kai laba 7,500, kusan kilo 3,400 ke nan. Motar da nake hawa ba za ta iya da ita ba.

Guda biyu na gani, duka a-kori-kurar Ford F-250. Ɗaya ta 2016 ce mai injin dizal lita 6.7, ta ci mil 140,000, an ce dala 33,000. Ɗayar mai fetur ce ta 2019, mil 70,000, dala 31,000. Abin da ya ɗaure min kai: da ita zan riƙa zuwa aiki kullum, kuma wurin aikin mil 6 ne kacal daga gida. Jan tirela bai wuce sau biyar ko shida a shekara ba, sai dai muna da niyyar Kolorado in an yi hutun makaranta. Wannan gajeriyar tafiyar ta kullum ba za ta kashe injin dizal ba kuwa?

Sabo Mai Tirela:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, sayi dizal ka huta. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙa babbar mota, ta hannuna yanzu ta haura mil 800,000 ba a taɓa buɗe injinta ba. Mil 140,000 ai yanzu ma ta fara balaga. In za ka ji tawa ma, nemi Ram 2500 mai injin dizal na Cummins.

Ɗan Fagge:
Tukuna. Wai mutum ya baro ƙauyensu, ya sha wahalar biza, ya samu gida mai AC, sannan ya kashe dala dubu talatin don ya koma kwanan daji? Baban Ilham, in daji kake marmari ka zo gida da damina, akwai bukkar gona kyauta, har da sauro a matsayin gyara.

Baban Ilham, Dalas:
Ɗan Fagge ba ka da dama. Yaya Sabo na gode, amma taka tana kan babbar hanya wuni guda. Tawa mil 6 ce.

Alhaji Ɗanladi, Minesota:
Malam Baban Ilham, ka saurare ni da kyau, don ni jiki magayi ne. A 2021 na sayi mai dizal ta hannu, don jan tirela kamar kai. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba zan faɗi na dillalin ba, na bar su da Allah. Na ƙara dala 2,800 na sayi takardar garanti ta ƙarin shekaru, ina ganin na rufe ƙofa.

Watan Yulin 2022 muka ɗauki hanyar gandun shaƙatawa na Yellowstone. Ku tuna lokacin, dizal ya haura dala 5 galan, duk shan mai sai gabana ya faɗi. Mun wuce Rapid City, mun shiga Wayomin a kan babbar hanyar I-90, sai na ji motar ta yi wani irin tari, fitilar inji ta kama, ƙarfi ya zube. Da kyar na gangara gefe. Ga ni ga Hajiya ga yara uku, rana tana dukan mu, manyan motoci na wucewa suna girgiza tirelar kamar za su kifar da ita. A bakin titin nan muka shimfiɗa darduma muka yi azahar da la'asar.

Na kira masu janwe. Suka ce rajistata ta mota ce kawai, ban da abin da take ja. Sai da na biya dala 600 daban aka ɗauke tirelar. Washegari bakanike ya kira ni, ya ciro wani ƙarfe daga famfon mai ya nuna min: garin ƙarfe ne a jiki yana ƙyalli kamar kwalli. Famfon da ke tura mai da ƙarfi ne ya ci kansa, garin ya bi mai ya shiga nozul duka takwas, ya bi layukan mai, ya koma tanki. Sai an canza komai. Dala 11,400. Masu garanti suka ce gurɓataccen mai na sha, ba ruwansu. Na ce a ina? Suka ce ni zan kawo hujja. Wa ke ajiye rasiɗin gidan mai?

Kwanan mu tara a wani ƙaramin gari muna jiran kayan gyara. Yellowstone ko ƙofarta ba mu gani ba. Har yau in ƙaramar 'yata ta ga tirela a hanya sai ta ce Baba ga irin ta wahala can.

Maman Sadiƙ:
Innalillahi. Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Hajiya ta yi haƙuri wallahi, kwana tara da yara a ɗakin otal.

Alhaji Ɗanladi, Minesota:
Amin Hajiya. Ba otal ba ma, a cikin tirelar muka zauna bayan garejin, mai garejin ya ja mana wuta. Abin da kawai ta amfana min ke nan.

Sabo Mai Tirela:
Alhaji sun yanke ka ne kawai don sun ga baƙo a makale. Wannan aikin dala 6,500 wani abokina ya yi shi a Hiyuston.

Bakanike Usman, Ohayo:
Dala 6,500 da wane kaya, Yaya Sabo? In an bar tsoffin nozul an wanke tanki kawai, to. Bayan wata uku motar za ta dawo. Mu a garejinmu irin wannan aiki bai taɓa yin ƙasa da 9,000 ba. Alhaji, wace mota ce, wace shekara? Ba duka ke da irin wannan famfon ba.

Alhaji Ɗanladi, Minesota:
Na ce na bar su da Allah, Malam Usman. Dizal dai dizal ne.

Bakanike Usman, Ohayo:
To shi ke nan. Bari in amsa wa mai tambaya, tunda kowa ya tsallake abin da ya tambaya. Tun wajen 2007 duk a-kori-kurar dizal a ƙasar nan tana da matatar hayaƙi a salansa, DPF. Baƙin toka take tarawa, in ta cika sai motar ta ɗaga zafi ta ƙone shi da kanta. Wannan ƙonawar tana son inji ya yi zafi, kana gudu a babbar hanya kamar minti ashirin ko talatin. A mil 6 ko ɗumi injin bai gama yi ba ka kashe. Yau ta fara ƙonawa ka katse, gobe ka katse, wata rana ta rage maka gudu da kanta ta ce sai gareji. Rabin masu dizal da ke zuwa wurina, 'yan kai yara makaranta ne da zuwa kanti. In ka nace sai ita, to kowane mako ka hau babbar hanya ka ba ta wuta.

Sannan juye. Injin 6.7 ɗin nan kwat 13 (kusan lita 12) na baƙin mai yake sha, mai fetur ɗin kuwa 7. Ga filtar mai guda biyu, ga batir biyu, ga ruwan DEF na tsabtace hayaƙi da za ka riƙa zubawa. Tirelar laba 7,500 kuma mai fetur ɗin za ta ja ta ba tare da wani kuka ba.

Sabo Mai Tirela:
Ba tare da kuka ba a Teksas, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti. Ya ce Kolorado zai je. Malam Usman ka taɓa sauko da kaya daga ramin Eisenhower, inda babbar hanyar I-70 ta huda dutse? Sama da ƙafa 11,000 ne, gangaren mil bakwai zuwa takwas. Ko hawan Raton ma da zai bi daga Amarillo ya kusa ƙafa 8,000. Can sama iska ba ta da kauri, mai fetur numfashi take yi sama-sama, mai turbo ko a jikinta. Wurin saukowa kuma dizal tana da birkin salansa, ka danna maɓalli ta riƙe kanta. Na sha ganin masu tirela a gefen hanya birki na hayaƙi. Ku bakanikai matattun motoci kawai kuke gani, shi ya sa kuke tsoron kowace.

Bakanike Usman, Ohayo:
Ku kuma direbobi in ta lalace kamfani ke biya. Injinka lita 15 ne, yana aiki awa goma sha ɗaya a rana, abin da aka ƙera shi don shi ke nan. Ka taɓa ciro dala dubu daga aljihunka ka sayi nozul ɗaya?

Sabo Mai Tirela:
Motar tawa ce ƙanena, shekara huɗu ke nan da na gama biya. Ka tambaya kafin ka yi magana.

Malam Hadi:
A yi haƙuri a sassauta. Ni lissafi na yi. A ce kana jan tirela mil 3,000 a shekara. Tawa mai dizal tana ba ni mil 12 a galan in tana ja, galan 250 ke nan. Maƙwabcina mai fetur yana samun 8, galan 375. Bambancin galan 125 ne, kuma dizal ya fi tsada a famfo. Abin da ka tsira da shi juye biyu zai cinye. Wani abu kuma, kuɗi hannu za ka biya ko bashin banki? A duba maganar riba tun kafin a sa hannu.

Sabo Mai Tirela:
Mil 12? Ni na san mai samun 15.

Ɗan Fagge:
A gangare, da iska a bayansa, yara sun sauka suna turawa.

Ɗan Damagaram, Kanada:
Mu a nan Edmanton matsalar gazuwal, wato dizal, sanyi ce. Ruwan DEF yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, man ma in ba na hunturu ba ne sai ya yi kauri kamar man shanu. Kowane dare sai na jona mota da wutar gida kamar waya.

Baban Ilham, Dalas:
Malam, Dalas nake.

Ɗan Damagaram, Kanada:
Fabrairun 2021 ma Dalas kake, ai mun gan ku a labarai ƙanƙara ta rufe ku.

Injiniya Bala, Kano:
Ni duk wannan DPF da DEF ban gane musu ba. Hilux ɗina mai dizal ta 2010 tana jan tirelar taki daga Kano zuwa Kura, ba ruwan da nake zuba mata sai na lagireto. Ku kai wa mai walda ya yanke tarkacen nan ya sa bututu miƙaƙƙe mana.

Bakanike Usman, Ohayo:
Injiniya, nan ba Kofar Ruwa ba ce. Cire kayan hayaƙi laifi ne a dokar tarayya, garejin da aka kama yana yi tara mai nauyi ake cin sa. Dillali ma ba zai karɓi motar ba in ka tashi canzawa.

Maman Sadiƙ:
Ku maza kuna ta inji. Baban Ilham, yaranka nawa? In huɗu ne ku shida ke nan, sai motar da kujerar gabanta mai cin mutum uku ce, da yawa biyu suke ci. Kuma ka buɗe ƙofar direba ka karanta 'yar takardar da ke liƙe a jiki, ita ke faɗin nauyin da motar za ta ɗauka. Hancin tirela kaɗai yana danna mata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, taka wajen laba 900 ke nan, kafin ku hau, kafin buhun shinkafa da tukwane. Injin dizal ya fi nauyi, don haka ita ce ma za ta fi ƙarancin wuri. Mu sai da muka saya muka sani.

Amma babbar tambayar: ina za ka ajiye tirelar? Mu kwana uku ta yi a ƙofar gida, kwamitin unguwa suka aiko takarda wai ta ɓata wa layi kyan gani. Gidan da muke biya da guminmu!

Baban Ilham, Dalas:
Huɗu ne Hajiya, kujerar ban ma duba ba. Tirelar tana gidan wanda ya sayar min har ƙarshen wata.

Alhaji Ɗanladi, Minesota:
Kwamitin unguwa ai su ne sauran. Bayan duk abin da ya same ni, na dawo da ita gida, sati bai cika ba suka ci ni tarar dala 50, wai kowace rana ƙari. Wata tsohuwa ce ke zagayawa da kare tana ɗaukar hoto. Yanzu dala 140 nake biya duk wata a filin ajiya, kan abin da ba na hawa.

Malam Hadi:
140 ta yi yawa Alhaji. Ni 65 nake biya.

Maman Sadiƙ:
Mai rumfa ko fili? Mu 190 ne, kuma an taɓa yanke mana kwaɗo aka sace tukunyar gas da batir.

Ɗan Fagge:
Ku kai harabar masallaci mana, in azumi ya zo ku ba masu i'itikafi haya.

Malam Hadi:
Kar ka ja mana, filin da ko ranar Juma'a ba ya isa. Mu namu kwamitin unguwar har tabarmar da Hajiya ta shanya a baranda sai da suka rubuto takarda a kai.

Baban Ilham, Dalas:
Jama'a mai dizal ɗin ya kira yanzu, wai akwai wanda zai zo gani ranar Asabar. In je in biya ko in bari?

Sabo Mai Tirela:
Biya.

Bakanike Usman, Ohayo:
Bari.

Maman Sadiƙ:
Malam Hadi, wurin na 65 ɗin a wane gari yake, kuma akwai mai gadi da dare?