Sake wayarin gida mai ɗaki uku da falo: nawa zai ci?

Baban Walida:
Assalamu alaikum. Gida ne a Kano, tsohon gini, ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu. Soket biyu sun yi baƙi, ana jin ƙaurin roba idan an jona dutsen guga, kuma da damina famfon banɗaki yana jan mutum. Sake wayarin gaba ɗaya ya kamata ko gyara? Nawa zan tanada?

Mai Wayarin Fagge:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar kuɗi, a kashe wutar layin banɗakin nan yau. Famfo ba ya ja sai wuta tana zurarewa, galibi ta hita ko injin jan ruwa, kuma wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, ta katse ko babu ita tun asali.

Abin da zai yanke maka tsada ko sauƙi shi ne bututun da ke cikin bango. Idan na roba ne kuma bai toshe ba, ana ɗaura sabuwar waya a bakin tsohuwa a jawo, ba fasa bango. Idan na ƙarfe ne ya yi tsatsa, ko an binne waya cikin filasta tsirara, to sai an sassaƙe bango, ka ƙara kuɗin magini da siminti da fenti. A buɗe soket biyu ko uku a gwada ja, nan take za a gane.

Kaurin waya: 1.5mm na fitila da fanka, 2.5mm na soket, 4mm na esi da hita, kowanne da layinsa daga akwatin rarraba wuta, 6mm idan akwai murhun lantarki, sai 10mm ko 16mm daga mita zuwa akwatin. Gida irin naka, a ƙiyasi, naɗi shida zuwa tara na 1.5mm, kusan haka na 2.5mm, biyu ko uku na 4mm. Kowane layi waya uku ne, ja da baƙa da kore, shi ya sa take tafiya da yawa. Farashi ba zan rubuta ba, don yana bin dala da farashin jan ƙarfe. Ka ɗauki jerin nan ka tambayi shago uku a Sabon Gari. Kuɗin aiki kuwa bisa yawan poyin ake yinsa: ƙirga kowane soket da fitila da fanka kafin ku yi ciniki.

Injiniya_Dala:
Ni ban yarda a tsige komai ba sai an auna. A sa na'urar mega, mai auna lafiyar robar da ta rufe waya, a kan bolt 500 a gwada kowane layi. Layin da ya ba da ƙasa da megaom 1 ya mutu. Wanda ya ba da adadi mai yawa, kuma kaurinsa daidai ne, yana iya zama. Sau da yawa soket ɗin da ya yi baƙi sukurunsa ne ya saki, wurin ya dinga zafi, wayar lafiya lau.

Inda ake cutar mutane shi ne wayar jabu, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya fito, mayar musu. Akwai kuma awo: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5mm kaɗai ya kai kilo 2.2, kafin a ƙara nauyin roba. Naɗin da bai haura haka sosai ba, ko an rage kauri ko an rage tsawo. Coleman da Cutix da Nigerchin sanannu ne, amma su ma ana buga sunansu a kan jabu, don haka a saya wurin dila a karɓi rasit.

Bireka kuma waya take karewa, ba kayan da aka jona ba. Amfiya 6 ko 10 ga 1.5mm, 20 ga 2.5mm. Mai wayarin da ya sa 32 a kan layin fitila don "kada ta riƙa faɗuwa", gobara ya dasa maka a cikin silin. A sa RCD mai miliamfiya 30, na'ura ce mai gano wutar da ke zurarewa, ita ce ke yanke wuta kafin ta kashe mutum.

Mai Wayarin Fagge:
Gaskiya ne Injiniya, amma a tsohon gida za ka tarar an yi ta haɗe-haɗe da salatif a cikin silin, ɓera ma ya ci rabonsa. Idan layi fiye da rabi ya faɗi a awon, sakewa gaba ɗaya ta fi araha a kan a dawo sau biyu.

Hajiya Mai Sola:
Alhaji, tunda za a taɓa, a raba layin fitila da fanka da soket kaɗan daban, saboda inbata nan gaba. Cenja-oba ta janareta ta zama mai yanke waya mai wuta da nutural duka, kada inji ya mayar da wuta kan layin KEDCO. Rodin ƙasa na jan ƙarfe a kafa shi inda ƙasa ke da danshi, don ƙasar Kano tana bushewa ƙwarai da rani, a bar mahaɗarsa a fili yadda za a iya dubawa. Ka nemi mai aikin da ke da shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu aikin lantarki, kuma kada ka biya ragowar kuɗinsa sai ya danna maɓallin gwajin RCD a gabanka ka ga ta faɗi.