Musayar Waƙa: Littattafan Addini a Ajin Gwamnati

Malamin Aji:
Bismillah. Ga nawa, mai iyawa ya amsa.

Ku faɗa min wa zai gyara halin yara,
In an ɗauke Littafi daga cikin aji?
Lissafi na koya ƙidayar dukiya,
Bai koya tsoron Mai gani, Mai ji.

Uwar Biyu:
Malam, sannu da alli, saurara mini,
Ajin gwamnati na kowa ne, ka ji.
'Yata ta dawo idanunta jajur,
An ce ta tsaya a rana bayan aji,
Don addininta daban da na sauran,
Minti arba'in, kukanta ba mai ji.

Mai Sauraro:
Allah ya ƙara basira, Malam! Baiti ɗaya ka yi, har yanzu ba wanda ya kamo ƙafarka.

Uwar Biyu:
Kai da ko ɗango ba ka taɓa ɗaurawa ba, da wane mudu ka auna?

Ɗan Tarihi:
Faransa a 1882 ta cire darasin,
Ta ba iyaye Alhamis su koyar a waje.
Kotun Ƙolin Amurka a 1963,
Ta ce Baibul don ibada kar ya je.

Amma fa kotun ta yarda a yi nazarinsa a matsayin tarihi da adabi. Nan ne ake yawan kuskure.

Mai Aruli:
Ɗan'uwa, bayaninka daidai ne, sai dai ɗango na uku ɗingishi yake. Rera shi da baki ka ji. Kuma mun taho da amsa-amon "ji", ka karkata zuwa "je".

Ɗan Tarihi:
Kai mai awo, ma'ana ta wuce ka,
Kana ƙirga gaɓa, gida na cin wuta.

Mai Aruli:
In gini ya karkace tun daga tushe,
Ma'anarka a ina za ta huta?

Mai Sauraro:
Nan kam Mai Aruli ya yi gaskiya.

Malamin Aji:
Afuwa, kwana biyu ina gyaran takardun jarrabawa.

Hajiya, kukan 'yarki ya taɓa ni,
Wanda ya kore ta bai san hakkin aji ba.
A kawo wa kowa malaminsa da Littafinsa,
Cirewa dai, wallahi ban yarda ba.

Uwar Biyu:
Na ji, Malam, Allah ya saka da alheri,
Sai dai ita kaɗai ce cikin yara sittin.
Wa zai ɗauki malami don yarinya guda?
Ka ba ni amsa kafin ranar Litinin.