Ƙugin janareta a karatun Malam

Ladan: Assalamu alaikum jama'a. Ina ɗaukar karatun Malam na bayan Magariba da waya, ina tura wa yaranmu da ke ci-rani a Legas. Kullum ƙorafinsu ɗaya, ƙugin janareta ya danne muryar Malam. Akwai manhajar kyauta da za ta gyara?

Mai Caji: Wa alaikumus salam, Baba Ladan. Audacity za a nema. Kyauta ce, kuma in an sauke ta ba ta ƙara cin data. Sai dai ta kwamfuta ce, ba a yi ta don Android ba.

Ladan: Ɗana yana da laftof.

Malamar Islamiyya: To an gama, Baba. Da ita nake gyara tilawar ɗalibaina. Kafin Malam ya yi bisimilla, kowa ya yi shiru wayar ta ɗauki ƙugin zalla na daƙiƙa 5. A Audacity sai a zaɓi wannan guntun, a shiga inda aka rubuta Noise Reduction ta gane irin ƙarar, sannan a zaɓi karatun duka a sake shiga ta tace. Amma a bi a hankali. Ranar farko na cika mata hannu, muryar yaran ta koma kamar daga cikin rijiya suke karatu, har wasu haruffan suka shanye. Ƙara mai ɗorewa take iya ragewa, irin ta fanka da janareta. Kukan akuya ko hon ɗin babur, in bai hau kan magana ba, da hannu ake yanke shi.

Ɗan Ringim: Malama ta yi gaskiya. Amma Baba, a ina kake ajiye wayar?

Ladan: Gindin lasifika.

Ɗan Ringim: Nan gizo ke saƙar. Muryar da ta fashe tun wajen ɗauka ba ta gyaruwa. A ninke sallaya a ɗora wayar a kai, kamar kamu ɗaya daga bakin Malam, a sa ta a yanayin jirgi kada kira ya katse. Janaretan kuma a ƙara masa tsawon wayar wuta a kai shi bayan katanga.

Mai Caji: Sai batun nauyi, don yaran can da kuɗinsu suke sayen data. WAV, wato fayil ɗin murya da ba a matse ba, yana cin kusan MB 10 a minti guda. A fitar da karatun daga Audacity a MP3 mai lamba 64 a wurin zaɓen inganci, awa ɗaya ba za ta kai MB 30 ba, kuma ga magana ya wadatar. Kada a tura fayil mai aup3 a ƙarshen sunansa, wannan na aikin gyara ne, waya ba za ta buɗe shi ba.

Maman Khalifa: Mu marasa kwamfuta fa?

Mai Caji: Gwada WaveEditor ko Lexis Audio Editor, Hajiya. Yanka da ɗaga murya duk suna yi a waya.

Ladan: Allah ya saka da alheri. Ranar kasuwa zan turo yaron da laftof ɗin shagonka ka sa masa.

Mai Caji: Ya zo da karatun jiya mu gwada a kai. Da hantsi zai fi, kafin shago ya cika.