Shirin rediyo kai-tsaye a Facebook: shawarwarin ma'aikatan tasha

Da ma'aikatan tasha suka tattauna yadda za a riƙa watsa shirin rediyo kai-tsaye a Facebook, an fi daɗewa a kan batun sauti. Kada a dogara da makirfon wayar hannu, a ja kebul daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, zuwa kwamfuta, in ba haka ba ƙarar fanka da janareta za su cinye muryar baƙo. Waƙoƙin da ake sakawa tsakanin shiri kuwa a cire su daga abin da ke tafiya intanet, domin Facebook na kashe sautin da ke da haƙƙin mallaka.

Shirin awa guda ba kowa zai iya kallonsa ba, data ta yi tsada. A yanko minti 1 ko 2 inda maganar ta yi armashi, a sa rubutu a ƙasa da tambarin tasha da kwanan wata, don kada gobe wani ya yaɗa shi a WhatsApp a matsayin sabon labari.